Kaɗanyar da Ba Ta da Mai Ita

Ku zamna, ku bar taɓa ledojin nan tukuna. Abin da zan gaya maku ba tatsuniya ba ce, ko da yake bakin da zai faɗe shi a kan tatsuniya ya tsufa. Kun zo kun ce a koya maku rainon icce, tunda yanzu an ce duk sabuwar unguwar da aka yanka sai an bar mata wurin itatuwa, kuma za a nemi masu kawo dashe. Na ji ɗayanku yana ce wa ɗan'uwansa ai ba wani abu ba ne, ƙasa ce a leda, sai ruwa safe da yamma. Ban ji haushi ba. Ni ma da wannan zaton na shiga.

Tankaɗen ƙasa aka fara ba ni, a gandun dashe na Faskari, shekarar da maigidana ya rasu ya bar ni da ƙananan yara. Ni mutuniyar Sabuwa ce, aure ya kai ni can. Na je neman aikin ɗiban ruwa, sai mai kula da gandun, Malam Isiyaku, wani dogon dattijo da ba ya son yawan magana, ya miƙo mani rariyar waya, ya nuna mani tsibin ƙasa da haɓarsa. Rani guda ban taɓa iri ba. Turɓayar gona, yashin rafi, da takin da ya ruɓe ya huce, su nake haɗawa. Yakan tura hannu cikin tsibin takin har gwiwar hannu. In ya ji ɗumi sai ya girgiza kai ya wuce, don taki mai ɗumi ƙona saiwa yake. In na gama haɗi sai ya ɗiba ya dunƙula a tafinsa. Wadda ta dunƙulu, ta kuma warwatse da an taɓa ta da yatsa, ita ce ƙasa. Wadda ta manne kamar tuwon jiya, a sake. Wadda ta ƙi dunƙuluwa, a sake.

Cika leda shi ne na biyu. Ba a danna ƙasa da babban yatsa. Gindin ledar ake bugawa a ƙasa har ta zamna da kanta. A huda gindin, in ba haka ba ruwa ya kwanta, saiwa ta ruɓe. Ban ruwa kuwa da gwangwanin da aka hudhuda da ƙusa ake yi, ya zuba kamar yayyafi. Wanda ya kwarara da bokiti ya tone iri ya bar shi a rana. Sai aikin da kowa ke gudu, wato ɗaga leda. Dashe in ya daɗe wuri guda saiwarsa takan fasa leda ta kama ƙasa, ranar da mai saye ya zo ka fizge, ka sayar mashi da gawa mai ɗanyen ganye. Don haka lokaci lokaci sai a bi layi a durƙushe, a ɗaga, a datse abin da ya leƙo da almakashi, a mayar. A wannan aikin bayana ya lanƙwashe, tsufa ya zo ya tarar da shi haka. Ga gara, a bi ta da toka. Ga awaki, a bi su da ƙaya. Ga rana, a gyara mata rumfa, a rage inuwa sannu sannu, don iccen da ya tashi a shagwaɓe ba ya kai labari in an fitar da shi fili.

Ofishin gandun bedi yake so, wato dogon yaro, da iccen turare, da mangwaro da gwaiba, abin da ke saurin tashi. Su muke yi da yawa. Amma bayan rumfa Malam Isiyaku na da wani lungu da ba wanda ya sa shi, inda yake rainon itatuwan daji: ɗorawa, kuka, tsamiya, kanya, ɗinya, aduwa, gawo. A nan na koyi cewa kowane iri da halinsa. Ƙwallon kuka sai an sauke tafasasshen ruwa daga wuta, a zuba shi ciki ya kwana. Gawo a garken awaki ake tsinto shi, bayan ya bi ta cikinsu ya yi laushi. Ɗinya sai an ɗan fasa mata baki da dutse, a hankali, kar a taɓa na ciki. Wata rana na tambaye shi amfanin wannan wahala, tunda ga bedi na ba da inuwa ba gardama. Da rana ta take ya ce in je in zamna ƙarƙashin layin turaren da ke bakin hanya in saurara, in na gama in koma gindin kanyar da ke bayan rijiya. Ƙarƙashin turare iska kawai na ji, ko ciyawa ba ta fito ba. Gindin kanya kuwa kamar ranar kasuwa: hasbiya, tsirya, kurege, zuma, ga ƙadangaru a ƙasa suna jiran abin da zai faɗo. Da na dawo na faɗa mashi, sai ya ce to gari ma haka yake, abin da ka dasa shi zai gayyato maka baƙi. Daga nan ya koma kan ban ruwansa.

Auren mangwaro shi ya ciyar da ni bayan na bi babban ɗana zuwa Ƙanƙara, na kafa tawa rumfar a bakin wata tsohuwar rijiya. A yanko reshen mai zaƙi, a fere shi kamar alƙalami, a tsaga na gida a cusa, a ɗaure tam da zaren leda yadda ruwa ba zai shiga ba. Aska mai kaifi da hannu mai sanyi, iyakar kayan aikin ke nan. Wannan kowa na so. Na daji kuwa dariya ake mani. Wa ya taɓa sayen ɗorawa, iccen da Allah ke shukawa da kansa? Tsamiya kuma ba mai yarda ta shiga gidansa, wai masaukin iskoki ce. Sai na koma ba da su gyara: ka sayi mangwaro, in ɗora maka kanya ko magarya. Akwai wani Alhaji mai shagon taki da na ɗora wa tsamiya, washegari ya maido ta a bayan babur, wai a gaya wa Iya Mai Icce, don haka ake kirana, iyalinsa sun ce ba su kwana gida ɗaya da ita. Na ce a gaishe mani da Hajiya, a gaya mata tsamiyar ba ta kai tsawon ludayi ba, aljanin da zai zamna kanta sai dai in jinjiri ne. Na musanya mashi da aduwa. Yanzu in kun bi ta ƙofar gidansa za ku ga ta fi katanga.

Neman iri shi ne rabin sana'ar, kuma shi ne rabin da ba a gani. Kowane icce da lokacinsa. Nakan bi motar kasuwa zuwa Sabuwa wajen 'yan'uwana, ko in aika garin Ruwan Godiya a tsinto mani daga gindin uwaye masu lafiya, waɗanda kauci, tsiron nan mai maƙale wa reshe, bai ci ba. Yawancin iri in an zuba shi a tulu da toka sai ya shekara lafiya lau. Ban da kaɗanya. Ƙwarar kaɗanya, wato ƙwallon da ke cikin ɗiyanta, da rai take faɗowa, kuma ranta gajere ne. In ta bushe ta mutu. In ta daɗe a buhu ta mutu. Daga gindin uwa sai ƙasa. Wadda kuke gani tuli tuli a kasuwa ba iri ba ce, ta masu man kaɗe ce.

Sai shekarar da 'yan bindiga suka rufe daji. Ba sai na gaya maku ba, kuna da wayo lokacin. Hanyar Sabuwa ta zama sai da addu'a, gonakin nesa aka bar wa ciyawa, mutanen ƙauye suka yi ta shigowa gari da tabarmi da tukwane a ka. Wanda ya shigo yana bukatar wurin kwana, yana bukatar abin hura wuta. Ba laifinsu ba ne. Itatuwan da ke kewayen gari, inda ake iya zuwa a dawo lafiya, su suka tafi a gawayi, kaɗanya da kirya kan gaba, don gawayinsu ya fi riƙe wuta. Ciniki ya tsaya cak, wanda bai san inda zai kwana ba ba ya dasa mangwaro. Rijiyar ma ta ja baya saboda yawan guga, har na koma zaɓen wanda zan ba ruwa da wanda zan bari. Wannan duk an sha, ya wuce. Abin da ya tsaya mani shi ne, na duba gabas na duba yamma, iyakar inda ƙafa ke iya kaiwa, kaɗanya ɗaya ta rage mai haihuwa. In ta tafi ban ɗauki irinta ba, sai dai jikokinku su ji sunanta a bakin masu man shafawa.

Tana cikin gonar marigayi Malam Bawa, a bakin gari. Gona ce babba, da kurmin ɗorawa a tsakiya, manya manya, ita kuma kaɗanyar tana gefe ita kaɗai, kamar jifa guda daga su. Magada suka sayar da gonar, za a yanka filaye. Wata safiya na je duba furenta, na tarar da turaku da jan fenti ko'ina, da wani saurayi mai awo, Malam Aminu, yana leƙa na'urarsa mai ƙafa uku. Ya gaishe ni da ladabi. Na tambaye shi makomar itatuwan. Ya buɗe mani zanen, ya san ba karantawa zan yi ba, sai ya riƙa nuna takarda da yatsa ɗaya yana nuna ƙasa da ɗayan: nan hanya, nan masallaci, nan makaranta, can kuma filin da doka ta ce a bari ba gini, don shan iska da itatuwa. Na bi yatsan da ido. Filin a kan wani faƙo yake, ƙarshen gona, inda ko ƙaya ba ta fitowa. Ya ce nan masu filayen suka yarda a bari, in an gama a dasa bedi. Na ce wato a sare manya a nan, a je can a roƙi ƙanana su fito a kan tsakuwa. Ya ce shi ma abin na damunsa, ya faɗa ba a ji ba. Ya naɗe takardarsa, sannan ya ce, “Iya, icce ba ya zuwa ofis ya kai ƙara. In yana da mai shi, ki kawo mani mai shi, in samu abin da zan tsaya a kai.”

Ku da kuka tashi a gari ba lalle ku san wannan ba. A ƙasarmu gona daban, ɗorawa daban. Mutum na iya sayar da gona alhali ɗorawar da ke ciki ba tashi ba ce. Uba yakan ba ɗiyarsa ɗorawa, ta riƙa kwasar kalwarta tana daddawa har ƙarshen ranta, ta bar wa nata ɗiyan, ko sau nawa gonar ta canza hannu. Na bi tsofaffi da tambaya, aka ce ai ɗorawar gonar Malam Bawa ta Hajiya Rabi ce, babbar ɗiyarsa, shi ya ba ta da bakinsa a gaban mutane. Ƙannenta sun sayar da ƙasa, sun manta da abin da ke tsaye a kanta.

Na same ta a tsakar gida tana wanke kalwa, mace mai jiki da murya. Ta saurare ni har na kai ƙarshe, sannan ta aika a kira mata ƙanenta da ya jagoranci cinikin, Alhaji ne mai furfura da jikoki. Ya zo ya durƙusa. Ta tambaye shi miyar da ya sha tun yana yawo ba wando, da daddawar wace bishiya aka kaɗa ta. Ya ce Yaya a yi haƙuri, mantuwa ce. Ta ce to ya tashi ya je ya tuna a gaban mai unguwa. Mai unguwa ya tara dattawa, aka sami waɗanda suka shaida kyautar. Masu sayen filaye suka ga kowa zai gina gida da iccen wata a tsakar gidansa, ba damar sarewa, kuma duk bazara ta shigo da gora da kwanduna. Nan Malam Aminu ya sami abin da yake nema. Ya sake zanen, ya ɗauko filin shan iska daga kan faƙo ya aza shi kan kurmin ɗorawa, faƙon ya koma filaye, ya kuma nuna masu cewa gini ya fi son ƙasa mai tauri. Kowa ya yarda. Shi ya sa hanyar unguwar nan ta yi gwiwa a tsakiya. Ba kuskuren awo ba ne.

Amma kaɗanyar tana waje. Malam Aminu ya ja igiya ya sake ja, filin bai kai gare ta ba, sai in an ci filin wani. Ya tambaye ni ita kuma ta wa ce. Na koma wajen Hajiya Rabi, na ce tunda bakinta na da nauyi ko za ta haɗa da ita. Ta ajiye ƙwarya ta dube ni. Ta ce, “Ke Iya, ji tsoron Allah. Baba ɗorawa ya ba ni. Kaɗanya ta wadda ta riga tashi da asuba ce, tun kakanninmu.” Na je wajen mai unguwa, shi ma haka ya ce, kaɗanya ta kowa ce. Gaskiya suka faɗa. Kowa ya ci ta, kowa ya shafa manta, ranar da aka tambayi mai ita kuwa ba wanda zai iya miƙewa.

Filin da take ciki ya faɗa hannun Malam Lawal, manomi daga wani ƙauye bayan 'Yargoje. Shanun nomansa da suka rage ya sayar ya saya. Iyalinsa na zamne a zauren wani, mai zauren kuma ya fara gyaran murya. Kaɗanyar na tsakiyar filin, daidai inda ɗakuna za su zamna, har ya riga ya yi magana da masassaƙi zai ɗauki gungumen ya yi turame, ya ba shi ƙyaure da taga. Na same shi yana buga tubali, laka har gwiwa. Na yi mashi sannu, na faɗi abin da ya kawo ni. Ban ce ya bar ta ba, ban da wannan bakin. Na ce ya jinkirta har ta zubar da ɗiya. Ya ce ɗiyanta da ruwan farko suke faɗowa, wa ke ginin laka a cikin ruwa? Ya goge hannu a riga ya ce, “Iya, na baro irinta a gonata da ba zan iya ƙirga maki ba. Ba wanda ya ce in jira su nuna kafin in gudu.” Na ƙara yi mashi sannu na tafi.

Ina auren mangwaro wata la'asar sai ga Malam Lawal a bakin rumfa. Ya ce ya ɗaga kai ya duba, bana kaɗanyar ta ɗauka da yawa, kuma a garinsu ba a sa wa icce gatari yana da ciki. Zai ja ɗaki ɗaya a kusurwar gabas su lallaɓa, sauran sai bayan ta sauke. Amma ranar da ta gama, ranar za ta faɗi. Na ce na gode. Na kwance tampol ɗin rumfata da zana na ba shi, su yi madafi.

Ruwa ya sauka da wuri a shekarar. Su duka a ɗaki guda, matarsa Malama Hinde na girki ƙarƙashin tampol, hayaƙi a ido, ruwa a baya. Tubalin da ya tara don ɗaki na biyu ya narke ya koma tsibin laka. In mun gaisa da Malam Lawal ba ya ɗaga kai. Ni kuma daidai lokacin da ɗiyan suka fara zuba zazzaɓi ya kwantar da ni. Na aika a ce masu a riƙa tsince mani ƙwara, ina tafe.

Ranar da na samu ƙafa na je, Malama Hinde ta tarbe ni da fara'a, ta shimfiɗa mani buhu, ta shiga ɗaki ta jawo babban kwando cike fal. Ƙwara ce tsaf, an wanke, tana sheƙi. Ta ce kullum da asuba take riga yara da awaki. Ta ce ta ga wasu sun fara tsaga baki za su tsira, kuma kowa ya san ƙwarar da ta tsira manta ɗaci yake, don haka ta dafa mani ita duka ta shanya, kar in sha wahala da jikin tsufa. Da karan da take lallaɓawa na girki ta dafa. Na ɗauki ɗaya na girgiza a kunnena, tana ƙara a cikin ɓawo. Haka uwarta ta koya mata, haka kakarta, haka tawa uwar ta koya mani a Sabuwa. Mijinta ya ce mata tsohuwa na son ƙwara, kuma duk macen da ta sani a duniya in ta ce tana son ƙwara, mai take so. Na yi mata godiya yadda ya kamata, don aiki ta yi. Sannan na gaya mata abin da nake so da ita. Ta ce, “Shukawa? Iya, ashe ana shuka kaɗanya?” Sai ta zamna a kan laka da zanenta, ta rufe baki da hannu.

Muna nan Malam Lawal ya dawo, ya ji abin da ya faru. Ya dubi kwandon, ya dubi tsibin da dā tubali ne, ya ɗaga kai sama. Mafi yawa sun zube, sai 'yan tsiraru can ƙololuwa da ba su nuna ba. Ya ce shi ya cika alkawari, ta sauke, masassaƙi na zuwa ranar kasuwa. Da gaskiyarsa. Daga bayan zana matar ta yi magana, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Malam, ni ruwan nan ke duka, ba kai ba. Ni na dafa, ni zan jira.” Ya ɗauki hauyarsa ya fita. Masassaƙi bai zo ranar kasuwar ba.

Tsintar ƙarshe mu biyu muka yi, ni da ita, kowace asuba. Wata rana mu sami 'yan kaɗan, wata rana jemagu sun riga mu sun kai wani wuri. Abin da muka samu, a ba yara su cinye naman, ranar kuma a kai ƙwarar ƙasa. Kaɗanya ba ta son leda, saiwarta doguwa ce, don haka kai tsaye muka shuka a gefen filin shan iska, inda inuwar ɗorawa ba ta kaiwa. A kwantar da ƙwarar a kan gefenta, a rufe sama sama, a kewaye da ƙaya, a aza dutse don shaida. Da ta ƙarshe ta faɗo, Malam Lawal ya aika wa masassaƙi. Ban je ba. Daga rumfata na ji faɗuwarta. An ce da magariba jemagu sun yi ta kewaya wurin, kwana da kwanaki, kafin su koma kan ɗorawa.

Jira shi ne aikin da ba a koyarwa, kuma kaɗanya ta fi kowa sa shi. Ƙasa take fara nufa kafin sama. Tana can tana tura saiwa, kai kana nan kana kallon ƙasa ba komai. Damina ta yi nisa, mutane suka fara cewa Iya ta tsufa, tana yi wa fili shinge. Samari suka so share wurin su yi ƙwallo, Malam Aminu ya zo da kansa ya kafa masu turaku ta ɗaya gefen. Malam Lawal ya ƙarasa gininsa bayan kaka, a makare. Sai wata safiya Malama Hinde ta aiko in zo. Ƙarƙashin ƙaya ga ganye ja, siriri, kamar kunnen ɓera. Daga baya wasu suka biyo. Duka ba su cika yatsun hannu biyu ba. Yau in kun je, babbar cikinsu da ƙyar ta wuce gwiwata, kuma yarinyar da aka haifa shekarar sai ta zama budurwa kafin a ɗanɗana ɗiyansu. Ku da kuke son kai dashe sababbin unguwanni, ku riƙe wannan: ranar dasawa ana ɗaukar hoto, ranar gatari ba kowa.

Shi ya sa da suka yi rani ɗaya ba su mutu ba, na je wajen mai unguwa na ce ina son ya tara mani shaidu a filin. Aka taru da hantsi, dattawa a inuwar ɗorawa, mata daga gefe, Hajiya Rabi a kan kujerar da aka ɗauko mata. Na ce ina so in ba da kaɗanyun nan kyauta, kowace da mai ita, yadda ake ba da ɗorawa. Mai unguwa ya shafa gemu ya ce shi dai tun da yake bai taɓa jin kaɗanya da mai ita ba. Hajiya Rabi ta ce ai bai taɓa ganin wadda hannu ya shuka ba ne; abin da hannu ya shuka na mai hannun ne, ko gero ko kaɗanya, in ta ga dama ta bayar. Dattawa suka duba, suka ce haka ne. Na ce ta fari ta Malama Hinde ce. Ta ce a rufa mata asiri, hannunta ya saba da tukunya, a ba ɗiyarta. Aka yi dariya, aka kira yarinyar ta tsaya kusa da tata. Haka muka bi su ɗai ɗai, 'yan matan unguwar, na gari da na gudun hijira, ana faɗin sunan yarinya da na ubanta, shaidu na amsawa.

Ya rage saura ɗaya. Mai unguwa ya ce, “To wannan ta Iya ce, ita da ta sha wahalar.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ranar da mai gatari zai zo ba na nan. A ba wadda za ta fito.”

Aka duba cikin mata, aka sami wata jinjira a goye, ba a daɗe da raɗa mata suna ba. Uwar ta kwanto ta, ta durƙusa, ta kama ɗan hannunta ta taɓa ganyen da shi. Shaidu suka ce sun gani.